Samarinmu masu zanen fiksel, ku leƙa shagon tela kafin ku zana riga

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina yi maka fatan alheri tare da duk ma'aikatan wannan jarida. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da ƴan uwana matasa masu zane a waya da kwamfuta, musamman masu irin zanen nan na ɗigo-ɗigo da ake kira zanen fiksel, wanda mutum zai zauna yana ajiye kala gida-gida kamar mai ɗinkin hula yana ƙirga zare. Duk wanda ya buga macijin Nokia 3310 ya san shi ko bai san sunansa ba, skirin ɗin wayar nan gaba ɗaya ɗigo 84 ne a kwance 48 a tsaye, amma a ciki muka ƙarar da batir.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kwanan nan ina yawan ganin aikin yaranmu na Kaduna da Zariya, wallahi akwai basira, fuska ta fito, gini ya fito, Keke Napep ma har da lambarsa. Amma da an zo kan tufa sai aikin ya zube. Babbar riga ta koma kamar kwanon rufi, hijabi kamar an kifa wa yarinya bokiti. Abin yana damuna sosai, don mu fa garin yadi ne, tun 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, kuma a da in ka shiga Kasuwar Barci ƙarar keken ɗinki ce take tarbar ka. Bai kamata a ce yadi ne yake ba mu wuya ba.

Ni ɗan tela ne, a shagon mahaifina na tashi. Lokacin da na fara zanen nan na yi wani dattijo da babbar riga, na kwana biyu a kai, na kai wa Baba ya gani. Ya daɗe yana kallo sannan ya ce, a ina rigar nan ta rataya? Ban gane ba. Sai ya ɗauko wani yadi ya ɗora a kafaɗata ya ce in kalli madubi. Nan na ga abin da idona ya saba gani kullum amma ban taɓa lura ba, duk wata karya da ke jikin yadi daga wurin da aka riƙe shi take tasowa, sannan nauyi ya ja ta ƙasa. A babbar riga kafaɗa ce, musamman in an naɗe hannun an ɗora, daga nan layukan suke zubowa suna buɗewa. A hijabi saman kai ne da ƙasan haɓa. A zani ƙugu ne, wajen ɗauri. To in ba ka fara gano wannan wurin ba, duk inuwar da ka zuba ɓarnar lokaci ce da caji.

Babban kuskuren da nake gani shi ne wanda masu harkar suke kira inuwar filo. Mutum zai zagaye bakin abu da kala mai duhu, ya shigo ciki da mai ɗan haske, ya ƙara shigowa da wanda ya fi, har ya kai tsakiya ya sa fari tas, kamar an yanka albasa. Yana ganin ai haka ne zai nuna taushi. A'a. Haske ba ya zuwa daga idon mai kallo, daga wani gefe yake zuwa. Ko filon kansa in za ka zana ba haka ake masa ba, sai ka ga inda kai ya lotsa shi da inda ɗinkin kusurwa ya ja yadin ya tattare. Ka yanke shawara tun farko, rana tana sama ta hagu, shikenan, kowace karya gefenta na hagu haske, na dama inuwa, kuma kar ka canza ra'ayi a tsakiyar aiki.

Sai maganar yawan kala. Yara suna ganin in sun jera kala takwas ko goma daga duhu zuwa haske shi ne ƙwarewa, sai abin ya fito layi-layi kamar matakala, kowane layi yana bin ɗan uwansa. Ku tuna na'urar gem ta Nintendo da ta fito a Japan a 1983 kala uku kacal take ba kowane ɗan hoto mai motsi, Game Boy na 1989 kuwa matakin duhu huɗu ne duka-duka. Shi kansa Mario, tauraron wasan gem na Nintendo, wanda ya ƙirƙire shi, Shigeru Miyamoto, ya sa masa hula ne don gudun zana gashi, ya sa masa wando mai igiya a kafaɗa don hannunsa ya bambanta da jikinsa in yana gudu. Wato tun asali tufa a wannan zanen dabara ce. Kala uku ko huɗu sun ishi riga ɗaya, kuma in filin zanenka ɗigo 32 ne a kwance 32 a tsaye, karya biyu ko uku manya sun fi guda goma ƙanana da za su cakuɗe su zama datti.

Amma inda na fi so a tsaya shi ne, ba duk yadi ne ɗaya ba, kuma mu mun fi kowa sanin haka. Shadda da ta sha sitaci karyewa take yi, tana da kusurwa, tana da ƙyalli, don haka ita za ka iya ba ta haske siriri mai kaifi kusa da inuwa mai duhu. Tsohuwar atamfa da ta sha wanki kuwa lanƙwasa take yi a hankali, kalolinta su kasance kusa da juna, haskenta mai faɗi, babu farin ɗigon nan na ƙarfe ko gilashi, da ka sa shi ta zama leda. Karan-miski nasa daban ne, sau da yawa bakin lanƙwasar ne yake haske tsakiya ta yi duhu. Mayafi mai shara-shara sai ka bar kalar rigar ciki ta ɗan leƙo, a nan ne yayyafin ɗigo, ɗaya haske ɗaya duhu kamar gidan dara, yake da amfani. Shi ma yayyafin a yi hattara da shi, yana wa bargo da rigar sanyi kyau saboda gashi-gashinsu, amma in ka watsa shi a kan hijabi mai santsi sai ya zama kamar buhun algarara.

Farar riga kuma don Allah a daina yi mata inuwa da ruwan toka zalla. Ka tsaya bakin masallacin Sultan Bello ranar Juma'a bayan an idar ka kalli fararen kaya a rana, inuwarsu tana karkata ne wajen shuɗi-shuɗi, inda rana ta doka kuma ya ɗan yi ruwan ƙwai. Haka za ka yi da kalarka, in kana duhuntawa ka ja ta wajen shuɗi ko ruwan makuba, in kana haskakawa ka ja ta wajen rawaya. Lokacin hunturu da ƙura ta rufe gari ma tazarar haske da inuwa raguwa take yi, komai ya yi laushi.

Kayan aiki ba matsala ba ne. Manhajar zane ta Aseprite ta kuɗi ce, amma LibreSprite da Piskel kyauta ne, mai waya kuma akwai Pixel Studio. Ni dai abin da nake yi yanzu, in rataya ɗankwali a jikin ƙusa, in kunna tocilan daga gefe ɗaya in an ɗauke wuta, in zana shi da kala uku, gobe in canza wurin ƙusar. In na gama sai in mayar da hoton ƙaraminsa in miƙa hannu nesa in kalla, don a girman da aka zuƙo komai kyau yake yi.

Malam Edita, roƙona shi ne ku riƙa ware ko da kwatan shafi ne lokaci-lokaci kuna buga aikin yaran nan, a sa musu jigo, wannan watan rawani, wata mai zuwa goyo da majanyi, su turo a gani a gyara musu. Ni a shirye nake in fara turo nawa, dattijon nan mai babbar riga na sake shi sau biyar, na ƙarshen Baba ya ce yanzu kam ta rataya.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna