Game da CV ɗin Ƙaninka

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya, na karanta CV ɗin ƙaninka, wato takardar tarihin karatunsa da aikinsa, da ka turo mini a tsanake, kuma ina roƙonka kada ka bari ya miƙa ta a wani wuri yadda take.

Shafi huɗu ce cur, alhali bara yaron ya gama bautar ƙasa. Ya fara da firamare, ya bi da sakandare, sai a shafi na biyu mutum zai ci karo da digirinsa na akanta daga Jami'ar Bayero, kuma wanda aka jibge wa takardun masu neman aiki a kan teburi ba zai tsaya lalube ba. Kamata ya yi ya ɗora na baya-bayan nan a sama, ya cire firamare, ya tattara komai a shafi ɗaya. Ina zargin tsohuwar taka ka ba shi ya kwafa, domin na gane salon.

Abin da ya fi damuna shi ne ya cika wuri da "mai ƙwazo, mai gaskiya, mai haƙuri", waɗanda kowa yake rubutawa, ya bar ainihin aikin da ya yi a ɓoye. Watanni shida na SIWES (horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke yi lokacin karatu) da ya yi a sashen kuɗi na kamfanin nan na Sharaɗa layi ɗaya kawai ya ba su. Kamata ya yi ya bayyana ko shi ne yake shigar da rasiɗai a Excel, ko ya taɓa daidaita lissafin kamfanin da bayanan banki, domin wannan ne mai ɗaukar akanta yake nema. Haka ma shekarar da ya yi yana koyar da lissafi a hidimar ƙasa, ya faɗi aji nawa ya riƙe da yawan ɗalibansa.

Jiha da ƙaramar hukumarsa ya bar su a cikin CV ɗin idan aikin gwamnatin tarayya zai nema, saboda ƙa'idar daidaita guraben aiki tsakanin jihohi, amma kamfani mai zaman kansa bai cika buƙatarsu ba. Adireshin imel ɗinsa mai laƙabin samartaka kuwa, ya buɗe sabo da cikakken sunansa, sannan ya nemi izinin malaman da ya sa a matsayin masu ba da shaida kafin a kira su ba zato.

Idan ya gyara, ya turo mini a PDF kafin Juma'a in sake dubawa. Ka gaida Hajiya da kyau.

Naka har kullum.