Zuwa Ga Duk Mai Motar Rimot a Hannunmu: Bayani Kan Jinkirin Gyara da Tsayawar Tseren Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da muke hulɗa da su, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya tare da iyali. Na so a ce baki da baki zan yi wannan magana da kowannenku, a kan bencin nan na ƙofar shago. To kiran waya ya yi yawa, wasu kuma sun daina kiran ma gaba ɗaya, kuma shirun nasu ya fi damuna. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Na san akwai motocin rimot a hannunmu da suka wuce ranar da muka yi alkawari. Akwai wadda muka ce mako uku, yau ga shi tana neman wata biyar. Na san kuma an jima ba a yi tsere ba. Ban musa ko ɗaya ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganar da ta dawo kunnena, wai muna kwance kayan asali daga motocin mutane muna sayarwa, mu mayar musu da jabu. Wanda ya faɗa ya san kansa, ni ma na san shi, ba kuma zan kama suna ba, don akwai gaisawa tsakanina da mahaifinsa. Zan dawo kan wannan, amma bari in fara da yadda aka yi muka kai nan.

Wanda bai san sana'ar ba gani yake motar wasan yara ce, in ta lalace a shiga kasuwa a sayo wata. Ku kun san ba haka ba ne. Yawancin abin da ke kan kantarmu ya girmi yaran da ke aiki da ni. Frog ta kamfanin Tamiya na Japan a 1983 ta fito, Grasshopper da Hornet a 1984, Hotshot mai ja da taya huɗu a 1985. Scorpion ta Kyosho tun 1982 take, Optima mai sarƙa irin ta keke a cikinta kuwa 1985. Robar da ta kai shekara arba'in ta daina lanƙwasa, karyewa take kamar busasshen kara, balle ta sha zafin Kano a cikin sito. Mutum zai kawo mota a kan shokazoba ɗaya, muna kwance ƙusa sai hannun taya ya rabu biyu a tafin hannu. Ba mu muka karya ba, shekaru ne, amma mu ne za mu nemo.

Abin da ya rufa wa masu wannan sha'awa asiri a duniya shi ne kamfanonin sun dawo suna sake buga tsofaffin ƙirarsu. Tamiya ta sake fitar da Hornet a 2004, Grasshopper da Frog a 2005, Hotshot a 2007, Sand Scorcher mai bodin Boswaja a 2010. Kyosho ta dawo da Scorpion a 2014, Optima a 2016. Sai dai ba kowane kayan sabon bugu ke zama a jikin tsohuwa ba. Sandunan da ke juya tayoyin baya na Frog, alal misali, an canza musu ƙira a sabon bugun, don na farkon masu kusurwa shida cinyewa suke yi su rinƙa zamewa. Kuma kayan gyaran kashi-kashi ake buga su. In kashi ya ƙare, sai jira, ko gwanjo daga hannun wanda ya ɓoye.

Shekara da shekaru, wani dattijo a Ingila ne ya ɗauke mana wannan wahala. A garejin gidansa yake sana'ar. Tun zamanin da aka yi gasar duniya ta motocin rimot a garin Romsey na Ingila a 1987, wadda Masami Hirosaka ya ci ɓangaren masu ja da taya huɗu da motar Schumacher CAT, yake cikin harkar, kuma ya san kowace ƙusa da ido. In na tura masa hoton abin da ya karye, kafin gari ya waye ya faɗa mini ko na sabon bugu zai shiga ko sai na asali. Yakan haɗa mana ƙananan kaya na mutum goma a kwali ɗaya, ya jira mu har mu haɗa kuɗi. Bai taɓa ganin fuskata ba, amma ya ba ni bashin da wani na kusa bai ba ni ba. To tsufa ya kama shi, ya sayar da duk kayan garejin ga wani babban shago. Su kuma sabbin masu kayan, da farko suka ce sai mun yi odar da ta kai wani adadi da ya fi ƙarfinmu. Da muka ciwo bashi muka haɗa, sai suka ce ai sun daina aikawa Najeriya. Kuɗin ya daɗe a hanya kafin ya dawo, da ya dawo kuma ba daidai da yadda ya tafi ba, saboda canji. Wasiƙun da muka yi da su suna nan a wayata, duk mai son gani ya zo ya gani.

Maganar canji kuwa ba sai na koya wa kowa ba. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kayanmu kaf da dala da fam da yen ake sayen su, ba abin da ake ƙerawa a nan sai wanda muka ƙera da hannunmu. Akwai waɗanda suka ba da kafin alƙalami a tsohon farashi, kuma har yau ban buɗi baki na ce wa ɗayansu ya ƙaro ba. Ga man janareto, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Injin dalma da caja da injin huda ƙarfe ba sa jiran a kawo wuta.

Batir ma nasa daban ne, kuma a nan aka fi yi mana mummunar fahimta. Ana cewa me ya sa waya take shigowa kullum amma batirin mota ya gagara. Dalili shi ne tun watan Afrilun 2016 dokar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana loda batiran lithium zalla a matsayin kaya cikin jirgin fasinja. Sai jirgin kaya, da takardu na musamman, kuma cajinsu kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari. Batirin da ke cikin na'ura hukuncinsa daban. Masu aiko da ƙananan kwalaye da yawa ba sa son wannan ɗawainiya, sai su ce ba sa ɗauka. Akwai batirin lithium da ake kira LiPo a kasuwa, na sani, an ma nuna mini. Na ga wanda ya kumbura kamar burodi tun yana cikin leda. Ba zan saka irinsa a cikin Optimar da ta kai shekara arba'in ba, in ta kama da wuta ba ni da inda zan samo wa mai ita wata.

Sai filin tsere. Mai filin ya ba mu aro ne tun farko, da ɗan abin da muke ba shi duk wata, kuma ba mu da ta cewa sai godiya. Yanzu 'ya'yansa sun ga ya kamata a gina shaguna a wurin. Haƙƙinsu ne. Abin da ya yi mini ciwo kawai shi ne mako biyu aka ba mu, bayan mun gama zuba sabon burji, mun gyara tudun tsalle biyun nan da damina ta cinye, mun sake jera tsofaffin tayoyin kwana. Da an faɗa mana da wuri da ba mu kashe kuɗin tifa ba.

Yanzu maganar kwance kaya. Duk wanda ya taɓa kawo mana mota a mayar da ita ta tsere ya san abin da muke yi, don a gabansa muke lissafawa. A Grasshopper muna cire ƙaramin injin 380 mu saka 540, mu cire zobban roba mu zuba boris, mu sa shokazoba mai mai a madadin sifirin zalla da ke sa ta tsalle kamar fara, wadda ita ce ma'anar sunan Grasshopper. Muna cire tsohuwar na'urar ba da wuta mai hannu, da farin resista ɗin nan da ya ƙona yatsan kusan kowa a cikinmu, mu saka ta zamani. Tsohon rimot mai kiristal na 27MHz, wanda da sai an tambayi wa ke kan wace kala kafin a kunna don kada motar wani ta bi umarnin wani, muna maye shi da 2.4GHz. A Frog muna yanka alminiyom da muke samowa a Ƙofar Ruwa mu ɗaure gefen akwatin giya, don shi ne ke buɗewa haƙora su rinƙa tsallake juna. Duk abin da muka cire, komai ƙanƙantarsa, a leda yake shiga da sunan mai shi, ledar kuma tana cikin kwali ƙarƙashin kanta. Wasu ledojin sun shekara ba a zo an karɓa ba. Ban sayar da ko ƙusa ɗaya ba, ban kuma jefar ba.

Na bincika har na gano tushen zancen. An ga wata mota mai ƙasan ƙarfe ruwan zinare a hannun wani yaro, aka ce ai ƙasan RC10 ɗin wane ce da ke shagonmu. RC10 ta Team Associated ta Amurka ce, ta 1984, wadda Jay Halsey ya ci gasar duniya da ita a 1985, kuma kalar zinaren tata a jikin ƙarfen aka shigar da ita. Ta yaron nan ni na yanka, na lanƙwasa a kan maƙata, na fesa mata fenti na gwangwani. A kankare da farce za a ga farin alminiyom. Ta asalin tana nan a saman kanta an lulluɓe ta da zane, mai ita ya zo jiya ya duba, ya tafi bai ce komai ba. Na ɗauki abin a matsayin yabo ta wata fuskar, tunda aikin hannuna ya ruɗi mai kallo, amma da an tambaye ni kafin a yaɗa da ya fi.

Haka nan akwai wanda ya yi fushi don na ƙi saka masa injin zamani marar burushi a tsohuwar Hornet. Ya kai wani wuri an saka masa, na ji labarin yadda haƙoran giyar suka ƙare. Ban yi murna ba, Allah ya sani. In ya dawo da ita za mu duba.

Game da abin da muke yi yanzu, ba a zaune muke ba. Muna magana da wasu mutane a waje, akwai kuma wani ɗan'uwa mai zuwa da dawowa da ya ce zai gani. Wasu ƙananan kaya muna gwada ƙera su a nan, in sun yi yadda nake so za ku ji. Batun fili ma an nuna mana wurare, ba mu dai tsayar ba tukuna. Ba na son in sake faɗin rana in saɓa, na farkon ya ishe ni kunya.

Akwai mutanen da ba zan rufe wasiƙar nan ban ambace su ba, ko da ba da suna ba. Alhaji, wanda ya fara kawo mana Hornet ɗin da mahaifinsa ya sayo masa yana ɗan makaranta, tun muna gyaran rediyo ba mu san komai a kanta ba, ya ce ku koya a kanta, in ta lalace na yafe: ranka ya daɗe, da wannan motar aka buɗe shagon nan. Malam na jami'a, da ke zuwa da agogon ƙirga zagaye da kujerarsa kowace Asabar, ko da ba shi da mota a layi. Likita, da kan fito daga aikin dare ya zo kai tsaye da ƙurar hunturu a gira. Hajiya, wadda ta kawo 'ya'yanta biyu suna firamare, yanzu babban shi ke riƙe mini injin dalma in ya samu hutu. Da ɗan'uwanmu na Kaduna da ya sa muka ɗora bodin Fijo 504 akori-kura a kan ƙasan Grasshopper, muka yi wata biyu muna sassaƙa roba, aka yi ta yi mana dariya har ranar da ta zo ta biyu a tsere. Ba ɗayanku da ya kira ni ya ɗaga murya a wannan watannin, kuma na san ba don ba ku damu ba ne. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Wanda ya ga ba zai iya ƙara jira ba, ba zan riƙe shi ba. Ya zo da rasit ɗinsa, za mu ba shi motarsa da ledar kayansa, mu yi lissafin kafin alƙalami. Roƙona kawai, duk inda za a kai ta, a gaya wa mai gyaran kada ya matse ƙusa a tsohuwar roba, kuma ya bar Optima da sarƙarta. Wanda kuma zai iya yi mana haƙuri, motarsa tana cikin inuwa, an cire batir, an ɗaga ta a kan katako don kada taya ta kwanta.

Shago yana buɗe kullum bayan sallar Azahar har Magariba, ban da Juma'a. Ko ba ku da abin karɓa, ku leƙo mu gaisa.

Naku,
Mai shago da yaransa