Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta manajojin filayen wasanni na shekarar 2024

Assalamu alaikum ranka ya daɗe ciyaman, iyayen ƙungiya, Hajiyoyinmu masu gidajen motsa jiki na mata, da sauran 'yan uwa manajoji na ciki da wajen birnin Kano. Ga rahoton da aka ɗora min in haɗa a matsayina na sakatare, a yi haƙuri ya ɗan makara. Lissafin kuɗi ba ya ciki, ma'aji zai karanto nasa da bakinsa ranar babban taro da rasit ɗinsa a hannu, ni abin da mukai da abin da ya same mu kawai zan faɗa.

In aka ce in taƙaita shekarar nan, to rigimar da muka fi sasantawa ba ta ƙwallo ba ce, ta maganar baki ce. Kusan duk ƙorafin da ya zo gaban kwamitin sulhu in ka bi diddiginsa sai ka tarar an yi magana a tsaye a bakin get, an sha hannu, kowa ya tafi da abin da ya fahimta, ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya.

Mu fara da ɗaukar ma'aikata tunda shi ya fi cin mana lokaci. Kafin azumi mukai zama da lauyan da ke taimaka mana, kuma dalilin zaman kowa ya sani ko da ba zan kama suna ba: wani ɗan uwanmu ya sallami maigadinsa da ya shekara shida yana kwana a filin, da safe kawai ya ce masa ya ajiye makulli, bawan Allah bai ce uffan ba ya naɗe tabarmarsa ya ɗau butarsa ya tafi, bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo da ɗan yayarsa mai karatun lauya. Nan aka gane ashe Dokar Ƙwadago ta faɗi notis ɗin da za a bayar ƙarara: kwana 1 in aikin bai wuce wata uku ba, sati 1 in ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, sati 2 daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata 1 in ya kai shekara biyar ko fiye, ko kuma a biya shi kuɗin kwanakin a madadin notis ɗin. Mun shiga tsakani aka biya baba haƙƙinsa ba a kai ga Kotun Ma'aikata ba, alhamdulillah. Lauyan ya kuma tuna mana sashe na 7 na dokar, cewa kafin ma'aikaci ya cika wata uku dole ka ba shi takarda mai ɗauke da irin aikinsa, albashinsa da yadda za a riƙa biya, awannin aiki, hutu da notis, kuma wanda ya cika wata 12 yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa. Da ya ce wanda ya taɓa ba mai shararsa irin wannan takarda ya ɗaga hannu, wallahi ɗakin tsit yai, har da ni.

Abin da ya fi ba mu dariya kuma ya fi tsorata mu shi ne mu kanmu manajoji ma'anar ma'aikaci a wannan doka ba ta haɗa da masu aikin shugabanci da gudanarwa ba, kenan in mai fili ya tashi korarka abin da ke rubuce a kwantiraginka shi ne gatanka, mu kuma yawancinmu ɗan Alhaji ne ya kira mu a waya ya ce zo ka riƙe min wajen nan. To mun fitar da samfurin takarda guda biyu, ɗaya ta ƙananan ma'aikata ɗaya ta manaja da mai fili, da Hausa da Turanci, suna nan a guruf ɗinmu na WhatsApp.

Batun mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli ya tayar da ƙura a guruf, wasu har suna cewa za su rage ma'aikata. Gaskiyar magana dokar ta cire wajen da ma'aikatansa ba su kai 25 ba da kuma masu aikin wucin gadi na 'yan awanni, don haka yawancin filayenmu na kafet ba ta hau kansu ba. Amma ni dai ra'ayina, wanda kake ba abin da ba zai kai shi sati biyu ba kar kai mamaki in kuɗin get ya riƙa yin ƙafa. Wadda ba ta duba yawan ma'aikata ita ce dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata ake zubawa a NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, kuma in ma'aikaci ya ji ciwo a bakin aiki kwana 7 gare ka ka kai rahoto. Ku tuna yaran da ke hawa turakun fitila su canja ƙwai ba ko igiya a ƙugu.

Sai hayar fili. Nan ma mun sha fama, musamman farkon watan Agusta da aka sa dokar hana fita a Kano lokacin zanga-zanga, mutane sun riga sun ba da kafin alƙalami na gasa da na biki, fili ya zauna a kulle, masu gasa suka ce a dawo musu da kuɗinsu, manajoji suka ce ai mun sayi mai mun biya masu gadi, kowa da gaskiyarsa. Shi ya sa a sabuwar yarjejeniyar haya muka sa sakin layi na abin da ya fi ƙarfin kowa, kamar dokar hana fita ko ruwa mai ƙarfi ko umarnin hukuma, a ɗage zuwa wata rana ko a mayar da kuɗi bayan an cire abin da aka kashe da shaidar rasit. Mun kuma sa a rubuta yawan mutanen da aka yarda su shiga, wa zai kawo tsaro, wa zai biya in an fasa kujera ko an yaga raga, ƙarfe nawa za a tashi, da kuɗin wuta daban, don tunda aka ƙara wa 'yan Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, kuɗin lantarki a Afrilu fetur kuma ya haura dubu, wanda ya yanke farashin dare tun farkon shekara asara ya riƙa tafkawa yana murmushi.

Abin da ya fi taɓa ni a shekarar shi ne na yaron nan da ƙarfen gola ya faɗo wa. Filin ɗaya daga cikin mambobinmu ne, wata makarantar koyon ƙwallo ta kama shi da yamma, golan na ɗauka-ka-ajiye ne ba a kafe shi ba, yaro ya yi tsalle ya kama sandar sama yana lilo kamar yadda duk yara ke yi, sai ga shi ƙasa ƙarfe a kan cinyarsa. Na je asibiti na same shi an ɗaure ƙafar, takalmin ƙwallonsa ɗaya na ƙarƙashin gado, mahaifinsa ya ce mana Malam ƙaddara ce ba na neman komai, amma a waje koci da manaja suna ta nuna wa juna yatsa, wannan ya ce golanka ne, wancan ya ce yaranka ne. Lauya ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye, wanda ke riƙe da wuri shi ke da alhakin kula da lafiyar wanda ya shigo da izininsa, kuma allon nan da muke kafawa cewa ba ruwan hukumar fili da duk abin da ya samu mutum ba lallai ya wanke ka a kotu ba in sakacinka ne, balle a kan yaro ƙarami. Haka in mai tsaron ƙofarka ya mari ɗan kallo a bakin aikinsa, kai da ka ɗauke shi za a iya nema. Ƙungiya ta sa hannu a kuɗin magani, yaron ya miƙe, amma ba kowane uba ne zai ce ƙaddara ba, kuma ko ya ce, mu mun san da buhun yashi biyu a bayan golan da ba a yi haka ba.

Daga nan ne kwamitin duba filaye ya fara zagaye. Abin da suka fi gani: waya a tsirara kusa da inda 'yan kallo ke jingina, tukunyar kashe gobara da wa'adinta ya wuce, akwatin taimakon gaggawa ba komai ciki sai auduga, da ƙofar fita ta biyu an garƙame ta da kwaɗo don kar a shigo ba tikiti, makullin kuma yana aljihun wani da ya tafi cin abinci. Wannan ta ƙarshen ita ce ba za mu lamunta ba. A ranar 1 ga Disamba a Nzerekore ta ƙasar Gini gwamnati ta ce mutum 56 suka mutu a turmutsutsin fita daga fili bayan rigima kan hukuncin alƙalin wasa. Kuma ba mu manta da Chineme Martins na Nasarawa United ba, da ya faɗi a Lafiya ranar 8 ga Maris 2020 ana wasa da Katsina United, motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Don haka duk mai karɓar gasa ya tada motar da zai kai mara lafiya a gabansa kafin a busa usur, ko da Keke Napep ce.

Tsaro kuma dan Allah a daina ɗauko samarin unguwa a ba su gora a ce su ne sikiriti, kamfanin masu gadi sai wanda ke da lasisi ta hannun Sibil Difens, ku nemi ganin takardar, babban wasa kuma a sanar da DPO a rubuce a riƙe kwafi.

Inda muka gaza shi ne inshora. Sashe na 65 na Dokar Inshora ta 2003, wadda ke aiki a 2024, ya wajabta inshorar ginin da jama'a ke shiga, har da na nishaɗi, amma da aka kawo maganar wasu dattawanmu suka ce su ba za su shiga abin da suke da shakku a kansa ta fuskar addini ba, aka ce to ga takaful, wato inshorar Musulunci, da hukumar kula da inshora ta NAICOM ke sa wa ido, aka kafa kwamiti ya jiyo farashi na haɗaka, kwamitin sau ɗaya ya zauna. Ni ma ina ciki, ba zan ɗora wa kowa ba. Horon taimakon gaggawa da muka yi alkawari shi ma bai samu ba, an ɗaga zuwa bayan ƙaramar sallah.

Ranar babban taro kowa ya taho da kwafin takardar ma'aikacinsa ko da mutum ɗaya ne, da hoton ƙofar fitarsa ta biyu a buɗe, ranka ya daɗe ciyaman ya ce shi zai tsaya a bakin ƙofa yana dubawa da kansa. Masu bashin kuɗin wata kuma ku ga ma'aji kafin ranar, ya ce bana da sunaye zai karanto.

Naku,
Sakatare