Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Jariran Da Ake Haifa Da Yanar Ido

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka, iyayen yaran da aka haifa da yana a ido, muna gaisuwa tare da neman afuwa idan kukanmu ya yi ƙarfi.

Ranka ya daɗe, makon jiya aka kwance wa wata 'yarmu mai shekara 3 bandeji bayan tiyata. Yanar ta fita tas, amma idanun sai rawa suke, ko cokali ba ta bi da kallo. Tun tana cikin zanen goyo uwarta ta ga fari a ƙwayar idon, ta kai ta asibiti, aka ce ta bari ta girma. Yanzu likitan ido ya ce an makara. A watannin farko ƙwaƙwalwar jariri take koyon gani, idan yana ta tare hasken a lokacin, ba a cika samun cikakken gani daga baya ba. Ido ɗaya ana son aikin kafin mako 6, ido biyu kafin wajen mako 10. Wa ya gaya wa uwar nan haka?

Mun sha kai kuka, mun rubuta, mun yi zama, kullum a ce ana dubawa.

Waɗanda aka yi wa aikin da wuri ma ba su tsira ba. An cire madubin idon, dole sai tabarau mai kauri, a riƙa sauya shi yaro na girma, amma a sallame mu hannu rabbana. Ba mai nuna wa uwa yadda za ta riƙa rufe lafiyayyen idon don mai raunin ya koyi aiki. Hawan jinin ido kan biyo baya ko bayan shekaru, yanar ma takan dawo, ga shi ba ranar komawa awo.

Muna roƙon Mai Martaba, uban marayu, ya sa baki a riƙa haska idon kowane jariri kafin a sallami maijego. A tura mai farin ido wurin likitan idon yara nan take, domin wani lokaci ma ciwon daji ne. A samar da tabarau da ranakun awo. A ƙarfafa rigakafin rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda, tunda idan ta kama mai juna biyu takan jawo wa jariri yanar tun daga ciki. Sannan hakimai da masu unguwanni su yi shela, ma'aikatan lafiya kuma a ja musu kunne, kada a sake ce wa wata uwa ta jira.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
Iyayen yara masu yanar ido