Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, Kan Masu Shanyewar Ɓarin Jiki

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ina rubuto maka ne a kan waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, Allah Ya tashi kafaɗunsu, asibiti ta sallame su, daga nan kuma ba a sake bin sawunsu ba. Suna nan a zaurukan Katsina da Daura da Funtuwa, wasu shekara uku, wasu goma, a kan tabarma ɗaya.

Tausayi ne ke zaunar da su. Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon tela, da ya dawo gida yana iya dafa bango ya kai bakin ƙofa. Da ya yunƙura sai a ce, "Baba zauna, me kake so a kawo maka?" Buta a miƙo, abinci a miƙo, har masallacin da ke jikin gidansa aka ce ya haƙura da shi. Yau yatsun hannunsa na dama sun dunƙule, gwiwa ta sandare, sai an ɗaga shi. Iyalinsa ba su yi da mugunta ba. Ba wanda ya taɓa faɗa musu cewa zaman nan ciwo ne na biyu.

Jikin da ba ya motsi, jijiyoyin jininsa taurara suke yi, hawan jini ya ƙi sauka, ƙiba da ciwon suga su samu wurin zama. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana, wanda aka buga a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo a wurinmu. Ke nan wanda aka zaunar, an buɗe wa bugu na biyu ƙofa.

Akwai kuma abin da ba a cika magana a kansa ba, wato matsi a cikin ƙoƙon kai. Ƙoƙon kan babba ba ya buɗewa, kamar tukunya ce da aka liƙe murfinta. A ciki akwai ƙwaƙwalwa da jini da ruwan da ke kewaye da ita, wanda jiki ke samar da kusan rabin lita kullum yana kuma janye shi. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura, ko jijiya ta sake fashewa, ko hanyar ruwan ta toshe, kamar yadda kan faru bayan zubar jini a kai, babu inda ƙarin zai je sai ya danne ƙwaƙwalwar. Alamominsa ciwon kai mai tsanani musamman da asuba, amai, gani dishi-dishi ko bibbiyu, da yawan barci. A gidajenmu sai a ce tsufa ne, ko iska, a ba shi Panadol. Alhali wannan na gaggawa ne, hoton kai yake buƙata a ranar.

Ranka ya daɗe, ga roƙona. Mutumin Baure ko Sabuwa da ɓari guda ba ya aiki ba zai iya zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina kowane mako don gashi, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye, ba. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa a haƙura. A ɗauki likitocin gashi a raba su manyan asibitocin ƙananan hukumomi 34, su kuma su koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin mazaɓu 361 yadda za su zaunar da iyali su nuna musu atisaye: tashi daga kujera a koma, miƙe yatsu, zagaya tsakar gida da sanda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako ga babba, har da mai nakasa gwargwadon ikonsa. Minti 20 da 'yan kai ne a rana.

A sa gashi da awon jini na wata-wata cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Ranar 29 ga Oktoba kuma, ranar wannan ciwo ta duniya, a ba likitoci fili a Rediyon Jihar Katsina su jera alamomin nan da Hausa, a roƙi limamai su maimaita su bayan huɗuba.

Allah Ya yi maka jagora.

Wassalam,
Wani ɗan jiharka daga Ƙofar Sauri, Katsina