Amsa ga Dakta kan haɗa Trichoderma da Metarhizium a gonar furanni

Ranka ya daɗe Dakta, na ga tambayarka, na kuma ga hoton farantin lab ɗin da ka liƙa inda Trichoderma ya haye kan Metarhizium ya rufe shi ruf. Dukansu fumfuna ne masu amfani da ake zubawa a gona, na farko don tare cutar saiwa, na biyu don kashe ƙwari. Ka ce in fito in gaya wa manoman furanni dalilin da ya sa nake cewa su yi amfani da biyun alhali ɗaya na cin ɗaya, sai ka ƙara da "ko dai akwai abin da ake ɗan miƙo maka ne?" Da ka tsaya a tambayar farko da layi biyu sun ishe mu. Wannan ƙarin ne ya zaunar da ni.

Ba wanda ke ba ni komai, kuma waɗanda suka daɗe suna aiki da ni sun san ban taɓa riƙe wa wani kamfani jaka ba. Ni ma ai ban taɓa tambayarka wa ke ɗaukar nauyin bitocin da kake shiryawa ba, ko?

Batun hoton kuwa, haba Dakta, tun 1932 wani masanin kimiyya mai suna Weindling ya nuna Trichoderma na cin 'yan uwansa fumfuna na ƙasa, yana nannaɗe zarensu ya narkar da bangonsu, kuma don wannan halin ne ma muke zuba shi a gindin kaneshon da sauran furanni, ya tare mana Fusarium da Rhizoctonia masu ruɓar da saiwa. Ka ɗauko mai saurin girma irin wannan ka kulle shi da wani a faranti ɗaya cike da abinci, ba rana ba ƙwaro ba saiwa, me kake jira ya faru? Kamar a rufe zakaru biyu a akurki ne a ce an gano halin kaji.

A ƙasa lissafin daban ne. Shi Metarhizium aikinsa jira, ƙwayar irinsa na kwance a saman ƙasa har tirifs, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye da fure, su sauko daga ganye, don a ƙasa yawancinsu ke kwanciya kafin su yi fiffike, ta manne a fatarsu ta tsiro ta huda ta shige ciki, cikin 'yan kwanaki ƙwaron ya mutu ya sandare, in akwai laima ka tona da yatsa za ka tarar da gawar ta yi kore shar. Shi kuma Trichoderma hankalinsa na wajen saiwa inda ake samun abinci. Eh suna haɗuwa, don Metarhizium ma yana raɓar saiwa, shi ya sa gwaje-gwaje ba su zo da baki ɗaya ba, wani wuri a ga ƙarfinsa ya ragu wani wuri a ga ba abin da ya canja, ya danganta da nau'in da aka haɗa da irin ƙasar da yanayin laima. Abin da na faɗa, kuma yana nan a rubuce, shi ne kar a dama su a tanki ɗaya: Trichoderma lokacin dashe, Metarhizium daga baya a sama-sama. Wannan layin ban san yadda aka yi ya ɓace a hotonka ba.

Cewa waɗannan fumfuna biyu ba su da saurin maganin feshi, gaskiya ne, ban taɓa musa ba.

Abin da ke ci min rai shi ne ana ta hayaniya a kan faranti, amma a kwarara wa tukwanen fure kabendazim, maganin kashe fumfuna, bayan an zuba waɗannan halittu, ya danne duka biyun, manomi ya juyo ya ce maganin banza ne, ban taɓa jin ka ɗaga murya ba. Masu sayarwa ma da yawa ba za su gaya wa mutum me ke jituwa da me ba, an bar shi da canki-canka. In da gaske manoma kake tausayi, kawo gwajin tukunya mai fure a ciki da tirifs a kai, mu ƙirga gawa a gaban kowa.