Wasiƙa zuwa ga Abba, kafin ka ce musu a'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ummanku tana gaishe ka, haka ƙannenka da Kawu da duk mutanen gida. Damina ta kankama, Alhamdulillahi.

Na rubuto maka ne maimakon in kira, don ni da kai ba ma ƙarasa magana a waya. Ka ce "to Baba", in ce "to Allah ya yi albarka", a kashe, kowa da abin da ke cikinsa. Wannan kuwa magana ce da nake so ka karanta kai kaɗai, ba a gaban ejan ɗinka, wakilin da ke yi maka cinikin kwantiragi, ba.

Yayarka ta gaya mini ka ce ba za ka sa wa ƙungiyar da ta zaɓe ka hannu ba, a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Wai garin sanyi gare shi na fitar hankali, ba ka san kowa a can ba, ƙungiyar ba ta cin wasa, sannan suna da mutane jibge a gurbin da kake bugawa. Ta ce ejan ya tabbatar maka in ka turje dole su miƙa ka ga wata ƙungiyar, har ya kafa maka hujja da Steve Francis, ɗan wasan da ya ƙi ƙungiyar da ta zaɓe shi aka kai shi wata.

To tunda da Francis aka kafa maka hujja, bari in ba ka labarin da sauransa, don na bi shi a lokacinsa, kai kuwa ba a haife ka ba. A 1999 ƙungiyar Vancouver Grizzlies ta Kanada ta zaɓe shi daga Jami'ar Maryland. Ya hau dandali ya karɓi hular ƙungiyar fuska a murtuke, kowa ya gani a talabijin. Daga baya ya fito fili ya ce ba zai je Kanada ba: ta yi nisa da danginsa, haraji ya yi yawa, kamfanonin talla ba za su gan shi a can ba. Kafin a fara kakar wasa aka tura shi Houston a wata musaya da ta haɗa ƙungiyoyi 3 da 'yan wasa 11. Ya yi rawar gani, shi da Elton Brand suka raba kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa, aka kuma zaɓe shi wasan taurari sau 3. Duk wannan gaskiya ne, kuma na san nan ejan ɗinka ya tsaya.

Abin da bai gaya maka ba, ko ya gaya maka a gurguje, shi ne Francis na 2 aka zaɓa a duk faɗin zaɓen shekarar. Na 2, Abba. Ƙungiyar da ta kashe zaɓi na 2 a kan mutum ba za ta yarda ta tashi a tutar babu ba, kuma akwai wasu ƙungiyoyin tsaye da kayansu a hannu suna jira. Haka Dominique Wilkins a 1982: na 3 Utah ta ɗauke shi, bai so zuwa ba, ita kuma tana cikin matsin kuɗi, sai ta sayar wa Atlanta ta karɓi 'yan wasa 2 da tsabar kuɗi. Haka Danny Ferry a 1989, na 2 ne shi ma, ya ƙi Los Angeles Clippers ya tafi birnin Rum na Italiya ya yi shekara guda yana karɓar kuɗi masu kauri, kuma mahaifinsa a lokacin shi ne manajan ƙungiyar Washington, ya san kowane lungu na harkar. Mahaifinka kuwa malamin makaranta ne mai ritaya.

Zaɓen zagaye biyu ne, kai kuwa a zagaye na biyu aka kira sunanka, kuma ba a farkonsa ba. Ban faɗi haka don in rage ka ba. Duk duniya mutum 60 ake kira a shekara, wani lokacin ma ba su cika ba, kana cikinsu. Daren da aka kira ka, Ummanku tana kan darduma da carbi, ta ƙi kallon allon, yayarka ce ke karanto mata sunaye daga waya. Da aka zo kanka, guɗar da ƙanwar Ummanku ta rangaɗa sai da maƙwabta suka buga ƙofa. Ni ban ce komai ba, na shiga ɗaki na yi raka'a biyu. Saboda haka na san girman abin. Amma ka san kasuwar shanu. Mai bijimin da ya fi kowane a kara, in ya ce "albarka" ya juya baya, mai saye zai biyo shi yana ƙari. Mai matsakaicin sa in ya ce "albarka", sai mai saye ya matsa turke na gaba, ko waiwaye babu.

Kuma dokar ba ta gefenka. Na sa yayarka ta karanta mini ita, muka bi ta a hankali. Ƙungiyar da ta zaɓe ka, muddin ta gabatar maka da tayin da doka ta wajabta mata, ita kaɗai ke da ikon ɗaukarka a cikin ƙungiyoyi 30 na NBA. Sauran 29 ko suna sonka ba su isa su ba ka takarda ba. In ka zauna shekara guda cur ba ka buga wa kowa wasan kuɗi ba, za ka iya komawa zaɓen baɗi. Amma wa zai kashe zaɓinsa a kan ɗan zagaye na biyu da ya shekara a zaune, alhali ga sabbin yara sun taso daga jami'o'i da Faransa da Sabiya? In kuma ka tafi Turai ka sa hannu, ikon nan nasu ba ya faɗuwa. Yana nan har ka gama kwantiraginka a can, da ƙarin shekara guda a kai. Duk ranar da ka so dawowa, ƙofar da ka buga ka fita ita ce dai za ka ƙwanƙwasa.

Maganar cewa ƙungiyar ba ta cin wasa, ai don haka aka ƙirƙiro zaɓen tun farko. Tsarin shi ne waɗanda suka fi shan kashi su fara ɗiba, don kada manyan garuruwa masu kuɗi su kwashe kowa. Kuma ga sabon yaro irinka, ƙungiyar da ke neman kanta ta fi wadda ke neman kofi, don kocin da ke farautar kofi ba ya gwaji da yara, a ƙarshen benci zai ajiye ka kana tafa wa wasu.

Sanyi kuwa ba zan ɓata takarda a kansa ba. A cikin ɗaki ake buga ƙwallon kwando. Ka sayi riga.

Rashin sanin kowa, da damuwar inda za ka yi Juma'a da inda za ka sami naman halal, wannan ya faranta mini rai da na ji yana cikin lissafinka. Sai dai babu garin da ke da ƙungiyar NBA da ba shi da masallaci. Hakeem Olajuwon ya yi ta buga wasa da azumi a bakinsa, har aka ba shi gwarzon wata a Fabrairun 1995 cikin Ramadan. Addininka ba a gari yake ba.

Bari in ba ka labarin gari ɗaya da mutum biyu. A 2007 Milwaukee ta zaɓi Yi Jianlian na ƙasar Sin a matsayi na 6. Mutanensa suka yi ta jan ƙafa, wai garin ƙarami ne, babu Sinawa da yawa. Sai da mai ƙungiyar, Sanata Herb Kohl, ya tashi takanas har Hong Kong kafin yaron ya sa hannu. Kaka ɗaya ya yi musu aka tura shi New Jersey, bayan 'yan shekaru ya koma gida. A 2013 wannan garin dai ya zaɓi Giannis Antetokounmpo a matsayi na 15, ɗan 'yan Najeriya da ya tashi a Girka yana tallan tabarau da agogo a titunan Atina. Bai tambayi yawan 'yan uwansa a garin ba. Ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2020, a 2021 ya kawo musu kofin da rabonsu da shi shekara 50. Ban ce da Yi ya zo da fara'a zai zama Giannis ba, baiwa ta Allah ce. Ina dai nuna maka cewa ba garin ne matsalar ba.

Saura dalili ɗaya, kuma shi kaɗai ne na ɗauka da nauyi: cunkoson gurbinka. Ƙungiya mutum 15 take riƙewa a cikakken kwantiragi, sai wasu 3 da ake rabawa tsakaninta da ƙaramar ƙungiyarta ta G League. Ɗan zagaye na farko albashinsa a rubuce yake tun kafin a kira shi, shekara 2 tabbas. An kafa wannan tsari ne a 1995, bayan Glenn Robinson ya ƙi sa wa Milwaukee hannu a 1994 har sai da ta ba shi dala miliyan 68 na shekara 10, masu ƙungiyoyi suka ce ba za a sake ba. Ɗan zagaye na biyu ba shi da wannan tabbacin, abin da aka daidaita a teburi shi ne nasa. Ana iya ba ka cikakken kwantiragi, wanda mafi ƙanƙantarsa ya haura dala miliyan 1 a shekara, ana iya ba ka na rabi da rabi, wato irin na masu raba lokaci da G League, ana iya sallamarka a sansanin atisaye kafin a buga wasa ko ɗaya. Ka tuna Ejike Ugboaja da Cleveland ta zaɓa a 2006 kai tsaye daga Najeriya, aka yi ta murna a nan, amma bai taɓa buga wasan gasar NBA ba. Don haka in ka ce mini kana tsoron a kai ka a jingine, na fahimce ka, kuma tsoro ne mai tushe.

Amma maganin wannan tsoron tambaya ce, ba yaji ba. Shin ka zauna da manajan ka tambaye shi abin da ya gani a jikinka har ya kira sunanka? Ka ji daga bakin koci inda yake son sa ka? Yayarka ta ce sun kira ka sau da yawa ba ka ɗaga ba, ejan ya ce ka bar masa. Ta kuma nuna mini shafinka na Instagram, ka goge hoton da ka sa da hularsu. Wannan bai yi mini daɗi ba, Abba. Mutanen da suka zaɓe ka ba su zage ka ba, cewa suka yi suna sonka. A gidan nan ba a koya maka ƙin amsa sallama ba.

Zuwa Turai ba laifi ba ne, yadda ake tafiyar ne abin dubawa. Nikola Jokić na 41 Denver ta zaɓe shi a 2014. Ya ƙara shekara guda a Sabiya ba tare da rigima da kowa ba, ya zo a 2015, kuma ka fi ni sanin sauran: gwarzon gasa sau 3 da kofin 2023. Ricky Rubio ma ya yi shekara 2 a Barcelona bayan Minnesota ta zaɓe shi a 2009, sannan ya zo ya buga musu. Akwai kuma Fran Vázquez da Orlando ta ɗauka na 11 a 2005, ya ba su mamaki ya yi zamansa a Sifaniya, bai taɓa zuwa ba har ya yi ritaya. Ya yi suna a gida, ya ci kofin Turai da Barcelona a 2010, ba zan ce ya yi asara ba. Sai dai shi a ƙasarsu yake, cikin harshensu, ƙungiyoyinsu na rububinsa. Kai baƙo ne a Amurka, baƙo ne a Turai. In ƙungiyar da ta zaɓe ka ta ce ka je can ka ƙara gogewa, tana bin wasanninka tana aiko mutanenta, wannan tafiya ce da igiya a hannun wani. In ka tafi cikin fushi, babu mai tuna ka sai ranar da suke neman abin cike ciniki.

Game da ejan, ban san shi ba, ba zan ci namansa ba. Lissafi kawai zan yi maka. Kasonsa daga kwantiragin NBA ba ya wuce kashi 4 cikin 100, kuma kai ba kai kaɗai ne yaronsa ba. In dabararsa ta ci, ya yi suna. In ta faɗi, baɗi yana da wasu yaran. Kai shekarun ƙafafunka ƙidayayyu ne, ba ka da wata kakar farko sai wannan. Ka tambaye shi ƙarara: wace ƙungiya ce ta ce za ta karɓe ka, wa ya faɗa, me za ta bayar a madadinka? In ya kawo suna da magana tsayayya, mu duba tare. In ya ce "ana magana", to babu komai a ƙasa.

Ka kuma sani masu ofisoshin nan kaɗan ne, kuma yawo suke tsakanin ƙungiyoyi. Wanda ka ƙi ɗaga wa waya yau yana ƙaramin ma'aikaci, gobe shi ne manaja a inda kake mafarkin zuwa. Masai Ujiri da ya tashi a Zariya, neman 'yan wasa ya fara yi wa Orlando ba ko sisin albashi, yana kwana a ɗakunan abokai. Shi ne ya zo ya shugabanci Toronto har ta ci kofi a 2019, a Kanadar da Francis ya ce ba ta yi masa ba. Francis kuwa, duk da baiwarsa, sau ɗaya tak ya shiga wasannin neman kofi, kuma duk zuwan da ya yi Vancouver ihu 'yan kallo suka yi ta yi masa har ƙungiyar ta koma Memphis a 2001.

Ga abin da nake so ka yi. Ka kira manajan da kanka, ka gaishe shi, ka ba shi haƙurin shirun da ka yi, ba sai ka kawo dogon uzuri ba. Ka je gasar bazara ta Las Vegas a watan Yuli da rigarsu, don a can duk ƙungiyoyi 30 ke zaune suna kallo, kuma wanda yake son wata ƙungiya ta neme shi a fili yake nuna kansa, ba a ɗaki ba. Bayan nan su kawo tayinsu a rubuce. In cikakke ne, ka sa hannu da bismillah. In na rabi da rabi ne kuma ga tayin Turai mai kyau, ka yi istihara, ka zauna da su ku yi maganar a mutunce, su san inda za ka da lokacin da za ka dawo. Ba zan tilasta maka ba, kai ne za ka yi gudun, kuma ka kai munzalin yanke wa kanka hukunci. Amma kada in ji an ce ɗana ya ƙi mutane ta bakin wani.

Kafin ka sa hannu a kan kowace takarda, ta Amurka ko ta Turai, ka turo wa yayarka kwafi, kuma ka nemi lauyan da ba ejan ne ya kawo shi ba ya karanta maka. Kuɗinsa ko nawa ne ka biya.

Ummanku ta ce in tambaye ka ko kilishin da ta bayar a kawo maka ya iso, kuma ko gwiwar nan ta daina kumburi. Ka kira ta ranar Juma'a bayan kun sauko daga masallaci, a nan dare bai yi nisa ba tukuna. In kun gama sai ta miƙo mini, ina so in ji yadda kuka yi da manajan.

Allah ya yi maka albarka, ya zaɓa maka abin da ya fi alheri.

Ni ne,
Mahaifinka